A duba kaya tun suna sito, kafin a ce wa ejan ya turo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ke cinye jarin masu sayen kaya daga ƙasashen waje ta hannun wakilai, waɗanda aka fi sani da ejan. Mutum zai zaɓi kaya a kasuwannin intanet na ƙasar Sin irin su Taobao ko 1688 ko Weidian, ya tura wa ejan adireshin shafin, ya biya. Bayan 'yan kwanaki a aiko masa da hotuna uku ko huɗu, ya dube su cikin minti guda, ya ce a turo. Sai kaya sun tsallako teku a ga riga ta matse, takalmi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, caja ba ta caji. Duk faɗan da za a yi a lokacin ihu ne bayan hari, domin kuɗin mayar da kayan sau da yawa ya fi kuɗin kayan kansu.

Ya kamata a fara fahimtar aikin ejan. Shi mai saye ne a madadinka. Yana biyan mai kaya da kuɗin ƙasar, ya karɓi ƙunshin a sitonsa, ya auna nauyinsa, ya ɗauki hoto, ya ajiye har ka tara abin da za a haɗa a turo. Ma'aikacin da ke buɗe ƙunshinka yana buɗe na mutane da yawa a wannan rana, kuma abin da aka ɗora masa shi ne ya tabbatar cewa abin da ya iso ya yi kama da abin da aka yi oda: launi, lambar girma, adadi, da ko akwai fashewa ko tabo da ido zai gani daga nesa. Hotunan nan da suke kira QC, wato hotunan duba inganci, shaida ce kawai cewa kaya sun iso. Ba su nuna cewa zif yana tafiya ba, ko batir yana riƙe wuta, ko yadin shi ne wanda aka rubuta. Duk abin da ya wuce wannan sai mai saye ya nema da bakinsa, a rubuce, ya kuma biya ɗan ladan da ake karɓa a kan ƙarin hoto ko bidiyo. Ladan nan shi ne kuɗi mafi amfani da mutum zai kashe a duk cinikin.

Lokaci kuma ba ya jiran mai saye. A ƙasar Sin, dokar kare haƙƙin mai saye da aka yi wa gyara ta fara aiki ranar 15 ga Maris, 2014, kuma ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet damar mayar da su cikin kwana 7 ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin kayan suna yadda suka zo. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kwanakin nan suna fara ƙirguwa ne daga lokacin da sito ya karɓi ƙunshin. A idon mai kaya, sito shi ne mai saye. Idan hotuna suka fito ranar Litinin, mutum bai buɗe su ba sai Juma'a, ya nemi ƙarin hoto aka ɗauki kwana biyu, to ƙofar ta kusa rufewa, wasu ejan ɗin ma suna rage kwanakin domin su sami lokacin aikawa. Dokar ba ta shafi kayan da aka yi wa mutum na musamman ba, kamar rigar da aka buga wa sunansa, kuma kuɗin mayarwa yana kan mai saye sai dai idan laifin na mai kaya ne ko an yi wata yarjejeniya. A 1688, da yake kasuwar sari ce tsakanin 'yan kasuwa, sharaɗin mayarwa ya danganta da abin da kowane mai kaya ya rubuta a shafinsa, don haka a karanta shi kafin a biya. Kada kuma a rikita kwanakin ajiya kyauta da ejan ke bayarwa da kwanakin mayar da kaya. Kaya za su iya yin wata biyu a sito ba a caji mutum komai ba, alhali damar mayar da su ta wuce tun makon farko.

Duba mai kyau yana farawa tun kafin a biya. A ɗauki hoton shafin kayan gaba ɗaya a ajiye: teburin awo, bayanin yadi ko ƙarfe, abubuwan da ke cikin kwali, da alkawarin mayarwa. Masu kaya suna sauya shafi, kuma ranar gardama wannan hoton ne hujja. Sannan a rubuta wa ejan abin da ake so da lambobi. "Mai kyau nake so" ba umarni ba ne da ma'aikacin sito zai iya aiki da shi. "Faɗin ƙirji santimita 56, tsawo 72, idan ya kauce da fiye da santimita 2 a mayar" umarni ne. A rubuta gajerun jimloli, buƙata ɗaya a kowace jimla, domin galibi na'urar fassara ce za ta juya saƙon zuwa Sinanci, doguwar magana kuwa tana lalacewa a hanya. In da hali a zana da'ira a kan hoto wajen da ake son a duba.

A tufafi ne aka fi yin asara, kuma dalilin girma ne. Harafin L ko XL ba ma'auni ba ne, kowace masana'anta da nata, kuma XL na kasuwar cikin gida ta Sin sau da yawa ya fi na Turai da Amurka ƙanƙanta. Wasu shafukan ma suna ba da shawarar girma ne bisa nauyin jiki da ma'aunin da ake kira jin, wanda yake rabin kilo. Wanda ya ga 140 ya ɗauka kilo ne, alhali ana nufin mutum mai kilo 70, zai yi oda ba daidai ba. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya ɗauko rigarsa da ta yi masa daidai, ya shimfiɗa ta, ya auna daga hammata zuwa hammata, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga wuya zuwa ƙasa, da tsawon hannu. Sai ya nemi a shimfiɗa sabuwar a sito, a ɗora tef a waɗannan wurare, a ɗauki hoton da za a ga farkon tef ɗin da ƙarshensa. Ina jaddada farkon tef, domin hoton da ya nuna lamba 56 kawai ba tare da an ga inda sifili ya fara ba, ba ya tabbatar da komai. A kuma lura ko teburin mai kaya yana ba da zagayen ƙirji ne ko faɗinsa a shimfiɗe, domin 112 na zagaye shi ne 56 na shimfiɗe. Wando kuma a auna ƙugu, cinya, da tsawon ƙafa ta ciki.

Bayan awo, a sa a juya rigar ciki waje. Ɗinkin ciki shi ke faɗin gaskiyar tela: zaren da ya tsallake, bakin yadin da ba a kashe ba, aljihun da aka ɗinke a karkace. A nemi hoto na kusa na wuya, maɓallai, da takardar wanki da ke gefe, inda ake rubuta kason auduga da na roba. Zif sai bidiyo, a ja shi sama da ƙasa sau biyu ko uku. Kaurin yadi kuwa ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita. Riga mai giram 180 da mai 240 suna iya zama iri ɗaya a hoto, amma sikeli zai raba su, shi ya sa nauyin da sito ya rubuta abin dubawa ne. Ga mai sayen yadi da yawa, a yanki santimita 10 sau 10 a ɗora a ƙaramin sikeli, a ninka abin da ya nuna sau 100. Idan ya nuna giram 1.8, yadin na 180 ne.

Launi yana da tasa matsalar. Fitilar sito da kyamarar waya suna sauya shi, ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, ja mai duhu ya yi haske. Kafin a yanke hukunci a nemi hoto a hasken rana, ko a ajiye farar takarda a gefen kayan. Idan takardar ma ta fito da rawaya-rawaya, laifin fitila ne. Mutane suna mayar da kaya masu kyau a kan wannan, su kuma karɓi marasa kyau a kan dalili guda.

Takalmi kuma a zare shimfiɗar cikinsa a auna tsawonta, ƙafa biyun duka. A tsohon lissafin Sin, ana ninka tsawon ƙafa da santimita sau biyu a cire goma, wato santimita 26 ta ba da lamba 42, amma ba kowace masana'anta ke bin wannan ba, don haka tef ya fi lambar da ke kan kwali gaskiya. A jera ƙafa biyun a ɗauke su daga baya, a ga ko dunduniyarsu tsawo ɗaya ce kuma ɗinkin tsakiya ya miƙe. A duba inda tafi ya haɗu da sama ko gam ya malalo ko an bar giɓi. A kuma tabbatar dama da hagu ne, kuma lambar da ke cikin harshen kowanne ɗaya ce. Kuskure ne da ake ganin ba zai faru ba, amma yana faruwa a wurin da ake cusa ɗaruruwan takalma a kwali cikin gaggawa.

Kayan lantarki su ne hoto ya fi yaudara a kansu, domin matacciyar na'ura da mai aiki kamarsu ɗaya. Abu na farko a nemi hoton takardar da ke manne a jikin na'urar ko cajarta. Wutar ƙasar Sin bolt 220 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Idan an rubuta 100 zuwa 240, za ta yi aiki ko'ina. Idan lamba ɗaya ce, sai a kwatanta lambar da ta wutar ƙasar da za a kai ta, domin na'urar 120 da aka jona a 230 ƙonewa za ta yi. A dubi bakin fulogi shi ma. Sannan a nemi bidiyo guda da ba a yanke ba: a nuna lambar oda, a buɗe kwali, a jona, a kunna, a danna kowane maɓalli. Ba kowane ejan ke yarda ya kunna kaya ba, kuma wasu masu kaya ba sa karɓar abin da aka ɓare ledarsa, don haka a tambayi wannan tun kafin saye.

Waya tana buƙatar ƙarin kulawa. A danna *#06# a ga lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai lambobi 15, a gwada ta da wadda ke kan kwali. A shiga saituna a ɗauki hoton girman ma'ajiya da sunan samfurin. A buɗe farin hoto da baƙi a cika fuskar wayar da su, domin a nan ne matattun ɗigo da tabon haske ke bayyana. Wayoyin da aka yi don kasuwar cikin Sin galibi ba sa zuwa da manhajojin Google, wasu kuma ba su da wasu zangunan sadarwa da kamfanonin waya na wasu ƙasashe ke amfani da su, misali zango na 20 na 4G. Wayar lafiyarta ƙalau, amma sabis ɗinta zai yi rauni a inda aka dogara da wannan zango, kuma mai kaya ba zai ɗauki wannan a matsayin laifinsa ba.

Akwai ƙaryar da lissafi kaɗai ke tonawa, ba sai an buɗe komai ba. Batirin litiyam mai siffar ɗan gwangwani da ake kira 18650, mai kyawunsa galibi ba ya wuce kusan 3,500 mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), nauyinsa kuma yana kusa da giram 45. Duk wanda aka rubuta wa 9,900 jabu ne. Fawa bank na 20,000 mAh yana ɗauke da wat-awa 74, domin ana ninka ƙarfin da bolt 3.7 a raba da 1,000, kuma batirin da zai riƙe wannan wuta shi kaɗai yana kaiwa kusan giram 300. Idan sikelin sito ya nuna giram 180 har da kwali, an gama magana. Nauyi mai yawa dai ba shi ne shaidar gaskiya ba, tunda ana iya cika ciki da abin da ba batir ba, sai an gwada da ɗan ma'aunin da ake sawa a bakin USB. Farantin sola shi ma haka: na zamani yana ba da wat 200 da ɗan ɗoriya a kowace murabba'in mita, saboda haka faranti mai tsawon mita ɗaya da faɗin rabin mita da aka rubuta wa wat 300 bai wuce ɗari da kaɗan ba. Wayar wuta mai kaurin milimita murabba'i 2.5, idan jan ƙarfe ne zalla, ƙarfen da ke cikin mita 100 ya kai kilo 2.2, ban da robar da ta rufe shi. Idan alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba zai kai kilo ɗaya ba, kuma da an kankare bakin wayar da wuƙa za a ga fari a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin irin wannan waya tana zafi idan aka ɗora mata nauyin da aka lissafa don jan ƙarfe, zafin waya a cikin bango kuwa gobara ce.

Filash da memori suna da tasu dabarar. Ana sauya bayanin da ke cikinsu yadda kwamfuta za ta nuna babban girma alhali ainihinsu ƙarami ne. Za su karɓi fayil ba gardama, amma da an wuce girman gaskiya sai sabon ya hau kan tsohon, ko ya ɓace. Hoton kwamfuta tana nuna girman ba hujja ba ne. Sai an cika su da bayanai an sake karantawa, aikin da manhajar H2testw ke yi. Haka ƙarfe mara tsatsa: na lamba 304, mai kusan kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, da na 201 mai ƙarancin nikel, ido ba ya raba su, maganaɗisu ma ba abin dogaro ba ne a nan. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a jiki ya sauya launi, ana sayar da shi a kasuwannin intanet ɗin nan, kuma ana iya sa shi a cikin oda a roƙi ejan ya gwada.

Malam Edita, duk abin da na faɗa ya isa ga mai sayen guda ɗaya ko biyar. Mai sayen ɗaruruwa kuwa lissafinsa daban ne, kuma a nan ne cinikin biri a sama ya fi yawa. A ce an sayi jaka 500, kashi goma cikin ɗari suna da aibi, ejan ya zaro uku ya ɗauki hoto. Yiwuwar dukkan ukun su fito lafiya ta kai kusan kashi 73 cikin ɗari. Wato sau bakwai cikin goma hoton zai nuna komai daidai, alhali jaka 50 sun lalace. Idan aka duba 50, yiwuwar a kasa cin karo da ko ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa masu duba kaya na sana'a ke aiki da ƙa'idar ISO 2859-1, wadda aka fi sani da teburin AQL, wato teburin da ke nuna yawan kayan da za a duba da iyakar aibin da za a yarda da shi. A matakin da aka saba amfani da shi, kaya 151 zuwa 280 ana duba 32, kaya 281 zuwa 500 ana duba 50, daga 501 zuwa 1,200 ana duba 80, daga 1,201 zuwa 3,200 kuma 125.

Ana raba aibi gida uku. Akwai mai haɗari ga rai ko lafiya, kamar wayar wuta a buɗe ko tsinin allura a rigar yaro, wanda ko ɗaya aka samu an ƙi kayan duka. Akwai babba, wanda zai hana amfani ko ya sa mai saye ya dawo da kaya, kamar zif da ba ya rufuwa, galibi ana sa masa ma'aunin 2.5 a teburin AQL. Akwai ƙarami, kamar zaren da ya leƙo, ana sa masa 4.0. A cikin 50 da aka duba, manyan aibobi 3 ba su hana a karɓa ba, 4 sun kayar da kayan, ƙanana kuma 5 ba su hana ba, 6 sun kayar. A cikin 80, iyakar manya 5 ce, ta ƙanana 7. Muhimmin abu shi ne a yi wannan rabon a rubuce tun kafin a ba da kafin alƙalami, mai kaya ya amince. In ba haka ba, duk abin da ka kira babban aibi shi zai kira shi ƙarami.

Yadda ake zaro samfurin ya kai yawansa muhimmanci. Kada mai kaya ya zaɓa. Kada a ɗebo daga kwali ɗaya, ko daga saman kwalaye kaɗai, domin masu kyau ake jerawa a sama. Idan kwali 25 ne, a buɗe aƙalla 5, mai saye ya faɗi lambobinsu da kansa, a zaro daga sama da tsakiya da ƙasa. Kuma a riƙe samfurin farko da aka amince da shi, a sa masa hannu da kwanan wata, a bar shi a wajen ejan, domin a ajiye shi gefe da gefe da abin da aka ƙera. Sananniyar matsala ce samfur ya zo da kyau, odar farko ta zo da kyau, a ta uku a rage kaurin roba ko a sauya zare ba a faɗa ba. Sikeli yana kama wannan da wuri: a auna guda goma a gwada da nauyin samfurin. Idan kuɗin kayan suna da yawa, ya fi a ɗauki kamfanin duba kaya mai zaman kansa, irin su SGS, Bureau Veritas, Intertek ko QIMA, su je masana'anta lokacin da aka gama ƙira kuma an ɗaure kusan kashi 80 a kwali. Tsarin biyan da aka saba shi ne kashi 30 tun farko, cikon kashi 70 bayan rahoton dubawa. Wanda ya biya duka kafin a duba ya zubar da sandarsa. Ina kuma ganin bai dace a bar wa ejan da ke karɓar kaso daga mai kaya aikin yanke wa kayan hukunci ba. A tambaye shi kai tsaye wa ke biyansa.

Akwai lokutan da ya kamata a ƙara sa ido. Gab da hutun sabuwar shekarar Sin, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu suna rige-rigen gama oda, bayan hutun kuma sukan dawo da sababbin ma'aikata. Haka makonnin da ke biye da garaɓasar da kasuwannin intanet na Sin ke yi ranar 11 ga Nuwamba, lokacin da sito ke cika ya batse kuma ƙunshi ke rikicewa da ƙunshi.

Idan an sami aibi, zaɓi uku ne: mayarwa a karɓi kuɗi, musanya, ko ragi. Ragi yana da kyau ga aibin da ba ya hana sayarwa. Musanya kuwa sai an sake dubawa daga farko, kuma a nemi ejan ya yi wa na farkon wata 'yar alama a ɓoye, ko ya rubuta lambar jikinsa, don kada a sake aiko da shi a sabuwar leda. Kada a bari a cire tambari ko a yar da kwalin asali kafin a gama yanke shawara, domin da an cire su mai kaya yana da hujjar ƙin karɓa. Kada kuma a yarda da "turo haka, za mu gyara a oda ta gaba", sai dai a rubuta adadin kuɗin da za a cire.

Kayan da suka ci jarrabawa suna iya lalacewa a hanya, saboda haka ɗauri ma abin dubawa ne. Kwali mai rufi biyar ya fi mai uku ƙarfi, kuma shi ya dace da doguwar tafiya. A girgiza kwalin, idan an ji motsi a ciki, akwai giɓin da za a cike. Ga kaya masu fashewa akwai gwajin sakin kwali: wanda bai kai kilo 10 ba ana sakinsa daga tsayin kusan santimita 76 sau goma, a kan kusurwa ɗaya, gefe uku da fuska shida, sannan a buɗe a gani. Kayan da za su bi ruwa, musamman fata da yadi da katako, suna buƙatar leda da 'yan ƙunshin busar da danshi, domin zafin rana da sanyin dare suna sa rufin kwantena ya yi gumi ya ɗigo, fumfuna kuma ba ta buƙatar fiye da haka. Kayan da aka ɗaure da danshi tun daga masana'anta sun fi saurin kamuwa, don haka a tambayi ma'aikacin sito ko ya ji wari da ya buɗe.

A lissafa nauyin girma kafin a biya kuɗin jirgi. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a raba da 6,000 ko 5,000, gwargwadon kamfanin, a caji mutum a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai 60 da 40 da 40 zai tashi a kilo 16 ko 19.2, ko da filo ne a ciki. Yar da kwalayen takalmi da matse tufafi a ledar da aka zuƙe wa iska suna rage kuɗi, amma suna lanƙwasa takalmi su kuma karya wuyan riga mai tauri, sai mutum ya auna wanne ya fi masa. Batir, turare, ruwa, hoda da maganaɗisu suna da hanyoyinsu na daban. Tun 1 ga Afrilu, 2016 aka hana ɗaukar batirin litiyam zalla a matsayin kayan jigila a jirgin saman fasinja, kuma masu jigila suna neman shaidar gwajin lafiyar batir da ake kira UN 38.3. Fawa bank guda da aka cusa cikin kwalin tufafi ba a bayyana ba zai iya sa a tsare kwalin duka. Kayan da ke ɗauke da tambarin wani kamfani ba da izininsa ba kuwa kwastan na iya ƙwace su, kuma inshorar ejan galibi ba ta biyan wannan.

Hoto na ƙarshe da za a nema shi ne na kwalin a buɗe da duk kayan a jere, sannan a rufe a kan sikeli, lambar nauyi da lambar bin sawu suna fitowa a hoto guda. Ranar da kwalin ya iso, a auna shi kafin a yanka tef, a kuma ɗauki bidiyon buɗewar daga farko ba yankewa. Idan ya bar sito da kilo 14.6 ya iso da 13.1, an san ɓatan ya faru ne a hanya, kuma masu jigila ko inshora za a nufa. Idan nauyi bai sauya ba amma kaya ba su cika ba, tun daga sito ne, kuma hoton kwalin a buɗe shi zai raba gardama.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku